Ra'ayinmu: An Keɓe Dazuzzuka, Ina Masanansu?

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa kafin shekarun 1990 ya san ba a raba kwata da ungulu. Da mahauta sun kayar da sa, tun ba a gama fiɗa ba, sai ka gan su jere bisa katanga da rassan itatuwa suna jiran rabonsu. To, ɗalibi ya je kwatar garinsu a wannan hutu ya duba. A garuruwa da yawa sai ya wuni bai ga ko ɗaya ba, har ma akwai ƙannenmu da ba su san ungulu ba sai a karin magana. A shekarar 2015 aka sanya irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da suka fi kusa da ƙarewa a duniya. Abin da ya dame mu shi ne, duk tsawon shekarun da take raguwa a gaban idonmu, wa yake ƙirgawa? Wa aka ɗauka aiki domin ya lura, ya rubuta, ya gaya wa hukuma?

Irin wannan ya faru a Indiya da Pakistan. A cikin shekarun 1990 ungulayen can suka riƙa faɗuwa matattu, har wasu irinsu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Mushen shanu ya taru a bayan gari, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita. Amma da yake akwai masana da suka duƙufa a kan al'amarin, suna tsintar matattun tsuntsaye suna fede su suna auna abin da ke cikin jikinsu, a 2004 aka bayyana dalili: wani maganin ciwon jiki ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa, in ungulu ta ci mushen saniyar sai ƙodarta ta lalace. A 2006 gwamnatocin Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi shi. Babu dogarin daji, komai ƙwazonsa, da zai iya gano wannan da bindiga a kafaɗa. Aiki ne na wanda ya yi karatu mai zurfi. Mu a nan an san cewa guba da cinikin kan ungulu da ƙafafunta a kasuwannin 'yan magani suna cikin abin da ya cinye ta, amma sanin ya zo ne bayan an riga an yi ɓarnar.

Mun kawo wannan ne domin mu shiga maganar da muke so mu yi da 'yan'uwanmu ɗalibai, da kuma yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati. A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar amincewa da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ƙari a kan 7 da ake da su. A cikinsu akwai Falgore a Jihar Kano, da fadamun Haɗeja a Jigawa, da Kogo a Katsina, da Allawa a Neja, da Pandam a Filato. Madalla. Sai dai sanarwa ba ta tsare daji. Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan yana bukatar mutumin da zai iya faɗin abin da ke cikinsa, nawa ne, yana ƙaruwa ko yana raguwa, me ya sa, kuma me za a yi da ɗan kuɗin da aka samu. A ganinmu ƙasar nan ta fi saurin shata iyakar daji a kan takarda bisa ga horar da irin wannan mutum, kuma in ba a gyara ba, gandayen nan za su zama suna kawai a cikin kundin gwamnati.

Ba yau aka fara ba, kuma magabata ba su yi sakaci ɗungum ba. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga baƙi a 1962. A 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji. A wannan shekara ce aka buɗe kwalejin Mweka a gindin dutsen Kilimanjaro a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, domin horar da ma'aikatan namun daji na ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi, sa'an nan a 1970 aka buɗe takwararta a Garwa ta Kamaru domin masu amfani da Faransanci. Nijeriya ta kafa tata a Sabuwar Busa a 1978, daf da gandun dajin Kainji. Makarantun nan sun yi aiki, kuma ba mu raina su ba. Amma tun asali an gina su ne domin samar da ma'aikata na tsakiya, watau masu jagorantar sintiri da kula da sansani. Matakin da ke sama da wannan, na mai digiri na biyu da na uku wanda zai tsara bincike, ya zauna da Kwamishina da Babban Sakatare ya kare lissafinsa, shi ne ya zauna da ƙaranci, musamman a nan Arewa inda akasarin manyan dazuzzukan suke.

Wani zai ce, wane zurfin karatu ake bukata kafin a yi gadin giwa? Bari mu ɗauki abu ɗaya tak, watau ƙirga. Makiyayi yana ƙirga shanunsa da yamma domin suna dawowa gare shi. Ɓauna da gwanki da kanki ba sa dawowa ga kowa. Yankari ta fi murabba'in kilomita 2,200, kuma da damina ciyawa kan fi tsawon mutum. Saboda haka masani sai ya shata layuka miƙaƙƙu a kan taswira, ba tare da ya zaɓi inda ya san dabbobi na taruwa ba, domin in ya zaɓa lissafin ya ɓaci tun daga tushe. Sa'an nan a bi layukan nan da ƙafa, duk dabbar da aka hanga a rubuta irinta, da yawanta, da nisanta daga layin. Daga nisan nan ne ake lissafa nawa aka wuce ba a gani ba. Giwar da ke cikin kurmi kuwa sau da yawa kashinta ake ƙirgawa, kuma tilas a san sau nawa take yi a yini, da kwana nawa kashin ke yi kafin ya ruɓe a wannan ƙasa da wannan yanayi. Damisa da sauran masu yawon dare ana ɗaura musu na'urar ɗaukar hoto a jikin itace, a bambanta wannan da waccan ta zanen jikinsu. A Yankari an sa wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam, domin a san inda garke ya nufa kafin ya faɗa gonakin mutane. Bayan duk wannan wahala, abin da ke fitowa ba lamba ɗaya ba ce, tsakani ne: daga kaza zuwa kaza. Wanda bai ƙware a ilmin ƙididdiga ba zai ga bana an sami 120, bara 140, ya ce an yi asarar 20, alhali kuwa mai yiwuwa ne babu abin da ya canja. Ko kuma ya ga lamba ba ta motsa ba ya kwanta barci, bai lura babu 'yan maruƙa a cikin garken ba.

Ga misalin abin da ƙirga ke tonawa. A 2014 aka buga sakamakon wani bincike na shekaru da aka yi a dazuzzukan Afirka ta Yamma, aka tarar zakunan da suka rage a yankin duka ba su wuce wajen 400 ba, kuma na Nijeriya ba su kai 50 ba, a wurare biyu kaɗai, Kainji da Yankari. Wurare da dama da littattafan hukuma ke cewa akwai zaki, da aka je aka duba babu ko sawu. Wata ƙungiya mai mazauni a Amurka ce ta jagoranci aikin. Ba laifi ba ne baƙo ya taimaka, mun gode. Amma abin kunya ne a ce ƙasar da ke kiran sarakunanta zaki sai an zo daga ƙetare an gaya mata nawa suka rage mata.

Mun san ƙorafin da za a yi, domin mun sha jinsa a ɗakin cin abinci da kuma dandalin muhawara: mutane na fama da yunwa, ku kuna maganar namun daji. Ƙorafi ne mai nauyi, ba kuwa za mu amsa shi da maganar kyan halitta ko kuɗin 'yan yawon buɗe ido ba. Amsarmu tana fadamun Haɗeja da Nguru. Can ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kowace shekara, ruwan ya ciyar da manomin shinkafa, da masunci, da makiyayin da ke sauko da shanunsa da rani, da kuma tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu. Aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke zuwa a kan kari ta ragu, ruwa ya koma gudu kaɗan kaɗan duk shekara a wasu hanyoyin, kachala ta samu abin da take so ta toshe magudanai, wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, wasu kuma ya daina isa gare su sam. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka zauna suka lissafa abin da ruwan nan ke samarwa in an bar shi ya malala, na hatsi da kifi da itacen wuta, suka gwada da abin da yake samarwa a noman rani na sama, suka tarar na fadama ya fi nesa ba kusa ba. Lissafin ya zo ne bayan an gama zuba kankare. Da a ce akwai masanin fadama mai faɗa a ji a teburin da aka tsara madatsun nan, watakila da an tsara yadda za a riƙa sakin ruwa tun farko. Wanda ya san lokacin da agwagwar ruwa ke sauka shi ne ya san lokacin da kifi ke ƙwai. Ilmin ɗaya ne, kuma talaka ne ya fi kowa cin moriyarsa ko shan wuyar rashinsa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa abin yana yiwuwa. Raƙuman dawa na yankin Kure, kudu maso gabas da Yamai, su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma duka. A 1996 saura 49. Ba a cikin gandun daji suke ba, a tsakiyar gonakin Zabarmawa suke kiwo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci su taɓa wake da mangwaron mutane. Masu bincike suka ɗauki hoton kowane ɗaya, gefen dama da na hagu, domin zanen jikin raƙumin dawa kamar zanen yatsa yake, ba ya kama da na wani. Aka san haihuwarsu da mutuwarsu da hanyoyinsu, aka zauna da mutanen ƙauyuka, aka sama musu rijiyoyi da ɗan rance, aka ɗauki 'ya'yansu aikin jagora. Kafin 2018 sun haura 600, har a wannan shekara aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji domin a kafa garke na biyu. A Chadi ma, maririn da aka bayyana a 2000 cewa ya ƙare a daji, an fara mayar da shi a 2016, ya hayayyafa. Ba addu'a kaɗai ta yi wannan ba, kuma ba doka kaɗai ba.

Yanzu sai mu juyo gida, mu fara da jami'o'inmu. Sassan koyar da ilmin daji da namun daji sun yawaita, wannan gaskiya ne. Amma mun san ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe bai taɓa kwana a daji ba, ya haddace sunayen dabbobi da Latinanci, in an nuna masa sawun gwanki da na saniya ba zai raba ba. Tafiyar gani da ido ta kwana uku, wadda rabinta ke ƙarewa a kan hanya saboda mota ta lalace, ba horo ba ce. Kundin bincike da aka gina a kan takardar tambayoyi da aka raba a bakin ƙofar gandun daji, shi ma ba bincike ba ne. Digiri na biyu a wannan fanni, in ana so ya amsa sunansa, tilas ya ƙunshi rani guda da damina guda a cikin daji, da ƙididdiga mai tsanani, da sanin taswira ta kwamfuta, da cututtukan da ke ratsawa tsakanin dabbobin gida da na dawa, da sarrafa wutar daji, da doka. Akwai abin koyi a kusa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a farkon shekarun 2000 a dajin Amurum kusa da Jos tare da Jami'ar Jos, tana ɗaukar ɗalibai kaɗan a shekara, tana ajiye su a bakin dajin da suke nazari, kuma ɗalibanta sun bazu suna aiki a ƙasashen Afirka da dama. Ba gini ne sirrin ba. Ɗalibai kaɗan ne, da malamai masu fita da asuba tare da su.

Abu biyu muke so a ƙara, waɗanda ba kasafai ake ganinsu a manhaja ba. Na farko harshe. Dabba ba ta san iyakar ƙasa ba. Gashaka-Gumti, mafi girman gandayenmu, tana jingine da Kamaru. Gandun W ya ratsa Nijar da Binin da Burkina Faso. Masanin da ba ya jin Faransanci ba zai karanta rahoton abokin aikinsa na ƙetaren kogi ba, wanda kuma ba ya jin Fulatanci zai yi ta aika 'yan sintiri su kama shanu, bai taɓa zama da Arɗo ya ji dalilin da ya sa aka bar burtali aka shigo daji ba. Na biyu, ilmin maharba da masunta. Sarkin Baka na ƙauye ya san inda mazo ke haihuwa, da itacen da giwa ke nema in ciki ya dame ta, da shekarar da aka ga jimina ta ƙarshe. Tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da ya tashi da Hausa a bakinsa yana da abin da baƙo mai digiri uku ba shi da shi, muddin bai ɗauki girman kan boko ya je da shi ba.

Sai mu ɗalibai. Kada mu ɓoye wa juna, da yawa daga cikin masu karanta wannan fanni ba su suka zaɓe shi ba. Likita suka nema, ko haɗa magunguna, aka turo su nan, suna jin kunyar faɗa a gida. In suka faɗa, sai kawu ya yi dariya ya ce ashe malamin daji za a yi. Sunan nan yana da tarihi, domin tun zamanin En'e talaka ya san malamin daji a matsayin mai kama shi in ya sari itace, mai karɓar gatari, wani lokaci mai karɓar kaza. Wanke wannan suna yana cikin aikin da ke jiranmu. Kuma kada a zaci aikin yana ƙarewa ne a bakin gandun daji. Dokar 1992 ta wajabta auna illar da manyan ayyuka za su yi wa muhalli kafin a fara su, kuma wani ne zai yi awon. A watan Afrilu na 2019 hukumomin Singafo suka kama kaya biyu da suka taso daga Nijeriya, ɗauke da ɓawon ɗankunya fiye da tan 25, dabbar nan mai naɗe jikinta in ta ji tsoro. Ma'aikatar kwastan da kotuna suna bukatar wanda zai duba buhu ya faɗi ko mene ne, daga ina ya fito, ya kuma tsaya gaban alƙali ya ba da shaidar da lauya ba zai rusa ba.

Ba za mu yaudari kowa ba, aikin yana da haɗari, albashinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Sambisa wurin namun daji ce kafin sunanta ya zama abin da ya zama. Kamuku da dazuzzukan da ke kewaye da Birnin Gwari sun daɗe a hannun 'yan bindiga, kuma a Kure ɗin da muka yaba, a watan Agusta na 2020 mahara suka kashe mutum 8, har da jagoran da ke nuna raƙuman. Wanda ya ce rashin masana ne kaɗai ya jawo wannan ya yi ƙarya. Amma dajin da ba ma'aikaci a ciki, ba hanya, ba wanda mutanen gefensa suka sani suka yarda da shi, ba ya zama fanko na dogon lokaci, wani zai shiga. Ran da aka sami lafiya, kuma muna roƙon Allah ya kawo ta, za a bukaci waɗanda za su koma su fara lissafi daga farko. Horar da mutum ɗaya zuwa digiri na uku yana cin shekaru kusan goma daga shigarsa jami'a. In sai ranar za a fara neman su, an makara.

Ga yayyenmu da ke ma'aikatu, ku kuka san inda gizo ke saƙa. Sau nawa aka tura ma'aikaci ƙaro ilmi, ya dawo da digirinsa, aka ba shi tebur a hedkwata yana sa hannu a takardun hutu? Tsarin aikin gwamnati ya sa ƙarin girma yana nufin nisanta da daji, har ya zama mafi sani shi ne mafi daɗewa bai taka ciyawa ba. Ya kamata a buɗe tsani na masu bincike, wanda mutum zai hau har ƙoli yana zaune a Yankari ko Serti, da gida mai kyau da makarantar 'ya'yansa da mota mai tafiya. Wannan magana ce da ƙaramin ma'aikaci zai iya sawa a cikin takardar da ya rubuta wa na gaba da shi, kuma muna roƙo a sa.

Ƙungiyar ɗalibai kuwa tana da nata rabon. Muna kira ga shugabanninta su rubuta wa hukumomin ba da tallafin karatu na jihohin da aka ba sababbin gandayen nan, su tambaye su a fili: gurbi nawa kuka ware domin digiri na biyu da na uku a ilmin namun daji da kiyaye muhalli, kuma wa kuka tura? Su nemi Hukumar Jami'a ta ƙulla musayar ɗalibai da makarantar Garwa da ta Sabuwar Busa, su kuma nemi a ware kuɗin aikin daji daban, kada ya narke a cikin kuɗin gudanar da sashe. Duk amsar da aka samu, wannan mujalla za ta buga ta yadda ta zo, jiha bayan jiha, kuma jihar da ta yi shiru za mu bar layinta babu komai a gaban sunanta.